Hannun da Na Riƙe a Ƙurɗuba

Zuwa ga Yaya Zuhur,

Bayan gaisuwa, ya jikin Baba? Ya mutanen garinmu Tetuwan? Ni lafiya lau, kada ki damu. Abinci ma halal ne, a shagon maigidana nake ci.

Aikina zagayawa da baƙi Musulmi tsohon masallacin Ƙurɗuba, wanda yanzu coci ne, an hana salla a ciki. Maigidana ya ce ranar da wani a ayarina ya tayar da kabbara, a bakin aikina.

Jiya wani tsoho, sa'an Baba, ya tsaya gaban mihirabi yana hawaye, ya ɗaga hannu zai yi kabbara. Yaya, ni na riƙe hannun kafin mai gadi ya iso. Ya dube ni, ya ce, "Ɗana, har da kai?"

Kin ce in zo in ga Baba. Takarduna ba su fito ba, in na haye tekun nan zuwa gida babu dawowa. Ki aiko mini hotonsa. Ki ce ya sa mini albarka, amma don Allah kada ki gaya masa irin aikin da nake yi.

Ƙaninki,
Abdulhaƙ