Baba Ya Karɓo Kekensa

Yaya Ladi,

Gaisuwa mai yawa daga Samaru. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal?

Kin tuna da aka ce Baba yana da kansar hanta, ya raba kayansa, har kekensa ya ba Kawu Bulus? To, ji ikon Allah. Sabon maganin da ake ƙara masa ta jijiya a asibitin Shika, likita ta ce ba shi ke kashe cutar ba. Sojojin jikin Baba yake tayarwa, su gane ta, su yaƙe ta da kansu. Baba ya jinjina kai ya ce, "Ashe masu gadin suna cikin gida tun tuni!"

Hoton cikinsa da aka ɗauka makon jiya ya nuna ƙullutun kansar ya ragu. Likita dai ta ce kada mu saki jiki, da saura.

Ranar Lahadi bayan sujada, Baba ya je Sabon Gari ya ce, "Bulus, ba ni kekena. Tafiyar ba yanzu ba ce." Kawu yana kuka yana goge masa sirdi.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Baba ya ce da Kirsimeti shi zai tarbe ki a tasha.

Ƙanwarki,
Saratu