Man Shanun Inna

Assalamu alaikum, Yaya Hajara.

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya Malam da yara, ya sanyin Jos? Mu nan Dutsin-Ma sai godiya.

Yaya, hankalina a tashe yake. Cikina wata uku. Da na je awo aka tura ni Katsina, aka ɗebi jinina. Likita ya ce maiƙo ya yi yawa a ciki, in ban kiyaye ba ciwon sukari zai iya kama ni kafin haihuwa. Sai na tuna Goggo Rabi, da sukari ya sa ta rasa jaririnta.

Ya hana ni maiƙo da zaƙi. Innarmu kuwa duk Laraba sai ta taso daga Kurfi da tuwo yana ninƙaya a man shanu, ta tsare ni sai na cinye. Cikin fari ne, da wane ido zan yi mata zancensa? Jiya ma sai da na ci.

Don Allah ki aika mata, tana jin maganarki. Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a. Ran Laraba za ta dawo.

Ƙanwarki,
Saude