Ƙullin Yajin da Kika Bari a Motata

Zuwa ga Fadila, sanyin idona, ruwan farkon damina, inuwar ɗorawa a tsakar rana, farar zumar da ba a gauraya ba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, gaisuwa mai nauyi wadda ko a-kori-kura ba za ta iya ɗauka ba. Ya gida, ya Hajiya, ya gajiyar shekaranjiya? Gajiyar nan na san ni na jawo miki ita. Na zaɓi takarda na bar waya domin in na ji muryarki harshena ɗaurewa yake, ni da ke yi wa ma'aikata goma sha ɗaya tsawa a shago su shiga taitayinsu. Yayarki, Yaya Talatu, ce za ta miƙo miki, don ita ce shaidar duk abin da ya faru.

Fadila, kwana biyu ke nan ina dariya ni kaɗai! Jiya ina auna gilashi na fashe da dariya har na yanka shi a karkace. Me kika yi mini haka, ya tauraruwar Ƙofar 'Yandaka?

Bari in faɗi laifina da bakina. Kin san ni Sammani da shara na fara a shagon maigidana bayan sakandare, ina kwashe ɓurɓushin alminiyam, har Allah ya ba ni nawa shagon a Ƙofar Kwaya. Ban gaji ko guduma ba. To sabon gidan abincin 'yan Caina da aka buɗe a GRA, duk tagoginsa da ƙofofin gilashinsa aikina ne. Shi ya sa na ce can zan kai ki. Na so ki zauna ki duba dama ki duba hagu ki ga hannuna ko'ina. Can kuma na shirya in yi miki tambayar da na yi wata huɗu ina haɗiyewa: ko kin yarda in turo magabatana? Sati guda ina cika miki baki, wai mai dafa abincin ma daga can ƙasarsu aka ɗauko shi a jirgi.

Ranar kuwa da kika fito cikin mayafin nan mai ruwan ƙwai, wallahi na ɗauka furen kabewa ne ya yi ƙafafu! Muka shiga, ni a gaba, babbar riga na jan ƙasa, ke da Yaya a baya. Muka zauna ƙarƙashin jajayen fitilun takarda. Muka jira. Muka ƙara jira. Mutane na tashi da faranti suna komowa, ni kuwa na harɗe ina cewa a raina, waɗannan ba su san girma ba, wane magidanci ne zai bi layi da kwano a hannu? Sau uku ina ɗaga wa ma'aikaciyar hannu, tana kawo ruwa tana tafiya. Kusan awa guda! Sai da cikin Yaya ya yi ƙara sannan ta kira yarinyar, ita ce ta ce ai abincin rana a nan ɗebi-da-kanka ne, kuma sun kusa kwashewa. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ƙofa, irin mai zamewa da nake haɗawa.

Abin da muka tarar kuwa, kaico! Wutar da ke ƙarƙashin farantan ta mutu tuni. Taliya ta manne ta zama dunƙule ɗaya, in ka ja sili guda duka tiren ke biyo ka. Shinkafa da ƙwai ta bushe kamar tsakuwar gini. Miyar ta yi yauƙi, ba yauƙin kuka ba, ba na kuɓewa ba, wani yauƙi ne marar dangi. Kaza kuma, inna lillahi, kaza da sukari! Wa ya taɓa jiƙa kaza a ruwan alewa? Yaya ta ɗanɗana ta ajiye cokali ta ce, wanga ko a gidan makoki aka kawo shi sai an yi magana. Ni kuma don in fanshe mutuncina na ɗauki tsinkayen nan biyu da suke cin abinci da su, na matse cinyar kaza, ta kufce ta yi tsalle ta sauka a aljihun rigata. Ba mu gama da wannan ba sai ga mai dafa abincin ya leƙo daga kicin. Wane ne? Babaji! Babajin da ke soya taliya da ƙwai a teburin shayi na bakin shagona shekarun baya, ya sa doguwar farar hula yana ɗaga mini ludayi, wai Oga Sammani an zo lafiya!

Duk wannan bai kashe ni ba kamar farantinki. Ko loma ba ki kai ba. Sai a lokacin hankalina ya dawo: wata takwas ina zuwa zance gidanku, ko ruwa ba ki taɓa sha a gabana ba. Ɗiyar mutunci ba ta cin abinci gaban saurayi, kowa ya san haka a garin nan, har ni. Amma girman kai ya rufe mini ido, na ɗauko mai kunya na kawo ta wurin da ake ci sai an gaji! Tambayata ta mutu a maƙogwaro. Na tuƙo mota ina ji a jikina shi ke nan, na rasa ki.

Sai ga shi, ya hasken safiyata, muna isa kwanar gidanku na ga kafaɗunki na rawa a madubi. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya kike dannewa tun daga GRA! Kika ce in tsaya wajen Mairo mai awara. Aka kawo da zafinta, kika buɗe jaka kika fiddo ƙullin yaji, kika barbaɗa, kika ɗan janye mayafi, kika ci. Kika ci, Fadila! A gabana! Guda huɗu, ina kallo, har kika turo mini ta biyar. Yaya ta zungure ni ta ce, Malam rufe bakinka, wadda ta ci a gabanka ai ta daina ganin ka baƙo.

Tun daga lokacin ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Gaskiya Yaya ta faɗa? Ko yunwa ce kawai, yunwar da ni na haɗa miki? Wannan tambaya ce ke juya ni kamar guguwa ta sami busasshen ganye. Wa ya kai ni sa'a in gaskiya ce? Wa ya kai ni asara in ba haka ba? Ke ce ƙorama, ni ne faƙo. Ke ce sanyin randa, ni ne matafiyin da ya sha rana.

Na yi miki alkawari, ba ni ba tsinke biyu har abada. Layi kuwa, in don ke ne, zan bi shi da kwano a hannu daga Ƙofar Kwaya har Ƙofar 'Yandaka, babbar riga da hula, kowa na kallo.

Ga abin da na kasa faɗa a can. Kawuna Baba Mamman ya ce a shirye yake ya zo gidanku ran Juma'a bayan an sauko masallaci, izininki kawai ake jira. Na san kunya ba za ta bar ki ki ce e ba, ba kuwa zan sake mantawa da kunyarki ba. Ƙullin yajinki yana nan inda kika bar shi a motata. In ba ki yarda ba, ki aiko Yaya ta karɓa kafin Alhamis, zan ba ta, ba zan ce uffan ba. In kuwa kin yarda, kada ki yi komai. Ki bar shi kawai, ki zo ki same shi a ɗakinki na aure.

Naki, jiya da yau da duk sauran kwanakin da Allah ya rubuta mini, ba canji ba waiwaye,

Sammani Mai Gilashi
Ƙofar Kwaya, Katsina

Na manta: ki gaya wa Yaya, in ta zo wucewa ta gaban shagona kafin Alhamis, don Allah ta bi ta wata hanyar. Zuciyata ba za ta ɗauka ba.