Yashi a Kan Dogon Baba Modu

Fagge, 3 ga Yuni, 1999

Zuwa ga Okechukwu mai gyaran rediyo, Sabon Gari.

Bayan gaisuwa da tambayar iyali. Modu ne, tsohon mai zuba gawayi a jirgin ƙasa, idan ka manta.

Shekara takwas ke nan maganarka tana tsaye mini a maƙogwaro. Na kawo maka zanen jirgin da zan gina da bulon robar nan na wasan yara, ka duba, ka yi dariya a gaban mutane. Ka ce wai wuta ta hau dogo, ta shiga ƙaramin inji, inji ya buga famfo, famfo ya tara iska, sannan iska ta tura ƙafa, wannan zagaye ne na wanda bai je makaranta ba. Ka ce injin ya juya ƙafar kawai a huta. Ka ciro wani injin rediyo ka jefo mini. Ban je makaranta ba, gaskiya ne, wannan rubutun ma a yaƙi da jahilci na samo shi. Amma jirgin da ba ya numfashi ba jirgi ba ne. Tun ranar ban ƙara taka layinku ba.

Yanzu soja sun koma bariki, ana ta cewa kowa ya faɗi abin da ke ransa. To na faɗa.

Na gama jirgin. Bulon a wajen 'yan gwanjo na riƙa tsinto su ɗaiɗai, ja da shuɗi. Sirinji biyu ne huhunsa. Dogon na yi shi da ƙarafunan tsofaffin laimomi, na haɗa masa batirin mota, ya zagaye tsakar ɗakina. Amma ya ƙi tashi. Na barbaɗa wa dogon lallausan yashi yadda muke yi idan ƙafa tana santsi, na ƙara, shiru. Injinka ne matacce, na sani.

Idona na dama ya tafi, na hagu yana bin sa. Idan na zauna bayan la'asar nakan ga jirgin ya fita ta ƙofa, ya ratsa ta cikin masu atamfa, ya miƙe har Nguru, ni kuma ina ciki ɗan mitsitsi, ina jin ƙamshin gawayi. Ina so in gan shi yana tafiya a fili kafin in daina gani. Ka zo ka canja injinka.

Modu

*

Sabon Gari, 9 ga Yuni, 1999

Baba Modu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ya jiki, ya mutanen gida? Chidinma ce, 'yar Okechukwu, wadda kake saya wa rake a da. Ni nake riƙe da shagon yanzu.

Baba, ashe ba ka ji ba. Shekara uku ke nan Papa ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Amma yana ji, yana ganewa. Na karanta masa takardarka. Da na zo wajen yashi sai ya fara bugun katifa da hannun hagu, har na tsorata, ashe dariya yake yi. Ya nemi biro, ya daɗe yana fama, ya zana tsintsiya.

Abin da yake nufi, Baba, jirginku na wancan lokacin ƙarfe ne mai nauyi, yashi yana taimaka masa ya kama dogo. Naka kuwa ta ƙafarsa yake shan wuta, kuma wuta ba ta ratsa yashi. Ka share tas, ka goge dogon da busasshen ƙyalle. Injin lafiyarsa lau.

Zanen naka yana nan manne a bangon shago, ya hana a cire.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Chidinma

*

Fagge, 11 ga Yuni, 1999

'Yata Chidinma,

Na gaishe ki. Allah ya ba shi sauƙi. Da wani ya gaya mini, da na zo tuni, ko da fushina.

Shekara talatin da ɗaya ina zuba wa dogo yashi, ban taɓa jin ya yi laifi ba. Amma na share. Na haɗa waya, famfo ya fara ƙyaf-ƙyaf, sirinji ya cika, ya ja numfashi ɗaya, ya sauke. Sai ya tashi a hankali, fuu, fuu, kamar tsoho zai hau tudu. Ya wuce ƙarƙashin gado ya ɓullo ta ɗaya gefen. Na kwanta a ƙasa na sa kunne kusa da dogo, sai da batirin ya mutu na tashi.

Ranar Asabar zan ɗora shi a kan kura, da dogon da batirin, a turo har gidanku. Ki share gaban gadonsa. Na yarda da maganar yashi. Saura tasa: iska ta ja jirgi ko ba ta ja ba? Ya buga katifa sau ɗaya idan ta ja. Ba zan tashi daga ɗakin ba sai ya amsa mini.

Babanki,
Modu