Ga-Ruwa a Kan Keke

Litinin, 22 ga Afrilu 2024

Allah ya ja zamanin Barewar Damagaram, ekip, wato ƙungiyar tseren keke, da ba ta da ta biyu a garin nan, tunda ta biyun ta watse bara. Shekara goma, kofi goma sha ɗaya, ga wanduna masu matse mutum har liman ya kau da kai. Su suka gano ana iya biyan ƙato albashi ya tuƙa keke zuwa garin Dogo ya dawo bai sayo ko albasa ba.

Mushe Isma'ila (Mushe ɗin na Faransanci ne, kamar a ce Malam), shugabansu, ya zo rumfata. Wai in rubuta musu tarihi, a karanta ranar bikin cika shekara goma. "Habibu, kai ne mai baki, kuma ka yi lakwal, ka san boko." Na karɓa. Ni ke sayar musu da taya, zan ce a'a ne?

Laraba, 24 ga Afrilu

Na jera abin. 2014, mutum shida, keke huɗu. 2016, kofin farko, a Maraɗi. 2019, Yamai. Hassan, Hassan, Hassan. Tara cikin sha ɗayan nasa ne, shi ya sa ake ce masa Mai Nasara.

Ƙanena Alkasum yana ciki tun ranar farko. Na bi takardun duka, mafi kyawunsa na ashirin da uku. A hotuna ma kafaɗarsa kawai ke fitowa daga gefe. In rubuta me? Ya halarta?

Asabar, 27 ga Afrilu

Sunan nan ni na laƙa masa, gara in faɗa ko a nan ne. Shekara uku da suka wuce na tambayi Mushe aikin Alkasum a ekip. Ya faɗa da Faransanci, ya fassara: mai ɗaukar ruwa. Shi ke komawa baya wurin mota, ya cusa goruna a riga, ya kawo wa na gaba. Na ce ashe ga-ruwa muke da shi a gida. A garin da kowa ya san ga-ruwa da kurarsa da jarkokinsa, ba sai an yi bayani ba. Kafin la'asar kasuwa ta ɗauka.

Yau Alkasum ya zo sayen birki. Mahaucin gefena ya ce, "Ga-ruwa, jarka biyu gidana." Aka yi dariya, har da ni. Shi bai yi ba.

"Yaya, in an gama tseren Lahadi ta sama, nemo mini mai sayen keken."

Na ce wasa ne fa. Ya ce ya sani.

Talata, 30 ga Afrilu

Na samo mai saye. Zafi. Ban rubuta komai ba. Na share rumfa sau uku.

Alhamis, 2 ga Mayu

Sadiya matar Alkasum ta tare ni a unguwar Kara-Kara, gaisuwar ma rabi ta yi. Wai a lakwal ana ce wa ɗiyarsu Rahama ɗiyar ga-ruwa. Na ce to ai sana'a ce ta halal. Ta ce da sana'ar suke nufi da ba ta damu ba, dariyata suke maimaitawa.

"Yaya, ka taɓa kallon tseren? Ba ƙarshe ba. Tsakiya."

Ban taɓa ba. Ni wajen layin isowa nake tsayawa, nan inuwa take.

Lahadi, 5 ga Mayu

Na hau bayan babur ɗin Mushe, don tarihi, ba don maganar Sadiya ba.

Da aka juyo daga Dogo iska ta tare su, mai zafi kamar bakin tanda. Alkasum a gaba, kai ƙasa, Hassan manne a bayansa, tsakanin tayoyinsu bai kai taƙi ba. Na ce Mushe, ga ƙanena yana na ɗaya. Ya ce, "Ba na ɗaya yake ba, bango yake. Shi ke cin iskar, na bayansa yana hutawa." Kilomita wajen ashirin a haka. Na yi ta jira Hassan ya karɓe shi ko sau ɗaya. Ba tsarin ke nan ba, in ji Mushe.

Sai tayar Hassan ta fashe. Tawa ce, ni na sayar, wannan ba zai shiga tarihi ba. Kafin mu tsaya Alkasum ya dire, ya miƙa masa kekensa, ya tura shi da gudu. Ya tsaya a bakin kwalta riƙe da mataccen keke, yana haki. Ko kallona bai yi ba. Aka sa masa taya, ya cika riga da goruna, ya bi su.

Hassan ya ci. Kofi na sha biyu, an ɗaga shi sama.

Alkasum na talatin da ɗaya, leɓensa fari fat, gorunan duk ya rabar. Ban san lokacin da na fizgi ruwa a hannun wata mai talla na ruga ba. Mahaucin yana wurin, shegen. "A'a, ga-ruwa ya samu ga-ruwa."

Na miƙa wa Alkasum ruwan. Ni.

Litinin, 6 ga Mayu

Mai saye ya zo. Na ce masa keken yana da lahani a ciki, irin wanda ba ya gyaruwa. Ƙaryar farko da na yi a kasuwa ban ci riba ba.

Tarihin na sake shi. Yanzu da iskar Dogo ya fara, Hassan sai shafi na biyu. Ba don komai ba, jerin kofi ba ya cika takarda.

Alkasum ya biyo da hantsi. Bai tambayi mai saye ba. Ya ce, "Yaya, taya biyu. Ba irin ta jiya ba." Ya kuma sauke mini buhun gero daga rumbunmu na Dogo, kamar kullum. Gonar da yake nomawa shi kaɗai tun da na ce kasuwa ba ta barina zuwa.

Na daɗe ina kallon buhun. Wai a gidanmu, wane ne Hassan?