Goron Ranar Roƙon Ruwa

Zuwa ga Uwani, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, inuwar gawo mai fitar da ganye sa'ad da sauran itatuwa suka tuɓe. Ƙanwata, abar begena, wadda in na yi tuntuɓe sunanta ke fara zuwa bakina, Allah ya yafe mini. Amincin Allah ya sauka a kanki yadda muke roƙon ruwa ya sauka a gonakinmu, ya ma zarce haka. Ina gaida Inna. Ina gaida Baba da girmamawa, ko da yake na san wannan gaisuwa a zuciyarki za ta tsaya.

Wayar gidanku ɗaya ce, a aljihun Baba kuma take wuni, shi ya sa na koma ga takarda. Kawuna Baƙo ya dawo daga wurinku a Kanan-Bakashe da maganar da ta hana ni cin abinci, a shekarar da kowa ke neman abin sa wa a baki. Ya je ne ya tuna wa Baba cewa kakar da aka sa mana don ɗaurin aure ta wuce, ko za a sake sa wata. Baba ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka dama masa ɗan abin da ya samu, sannan ya dube shi ya ce wace rana? Wai shi bai san an sa wata rana ba. Wai goron da dattawana suka kai zaurensa bara na sadakar roƙon ruwa ne. Uwani, kin san abin da wannan ke nufi. In ba a sa rana ba, to ba a ba kowa ke ba, kuma duk saurayin da ke da takalmi a Kanan-Bakashe yana iya zuwa ƙofar kawunnanki, inda yunwa ta kai ku, ya yi sallama da ke.

Ban san yadda zan gaya miki abin da ke cina ba sai ta hanyar fim, tunda duk ɗan abin da na sani a duniya a gidan bidiyon Maikuɗi, inda nake aikin sa fim, na koye shi, tsakanin akwatin tele da injin gurub ɗin da ke ba mu wuta. Kin tuna fim ɗinmu, wanda saurayi ya faɗa kogin da ya cika ya batse don ya ciro budurwar da kwalekwale ya kife da ita? Kina bakin ƙofa kina tuyar waina, kina leƙe ta kafar zana, kina yi kamar ba ruwanki. Da ya fito da ita a kafaɗa jama'a suka miƙe tsaye, ke kuma kika bar tanda guda ta ƙone ƙurmus, har hayaƙi ya shigo mana. Na fito in yi faɗa, na tarar da hawaye a idonki, kika ce hayaƙi ne. Kika ce namijin da zai shiga ruwa saboda mace a fim kaɗai ya rage. Na ce in Allah ya ba Tasawa ruwan da ya kai wancan, ki zo ki gwada ni. Kika yi dariya, kika tsamo mini daga cikin ƙonannun kika ce ladan cika baki ke nan. Na ci abinci a gidajen suna da na biki, ban taɓa cin abin da ya kai wainar nan daɗi ba.

Tun da damina ta yanke bara, fim ɗin nan ya zama abin da mutane ke rage zafi da shi. Tsofaffin da ke zagin gidan bidiyo sun riƙa zuwa suna tsayawa daga baya, ba don soyayya ba, don dai su ga ruwa yana gudu. Ko ranar da rediyo ya wuni yana kiɗan soja, aka ce an karɓe mulki a Yamai, ɗakin ya cika kamar kullum, aka ce in sa na kogi.

Bayan tafiyarku sai ga kashi na biyu na fim ɗin ya iso daga Maraɗi. Da ma motar da ta ɗauko shi ta lalace a hanya. A cikinsa aka nuna wai saurayin nan ba don Allah ya shiga ruwa ba. Wai abokin gabar mahaifin yarinyar ne ya turo shi don ya samu shiga gidansu, har ma wai da saninsa aka huda kwalekwalen. Suka sake nuna ranar kogin, ga wani ƙaton mutum a bayan bishiyar mangwaro yana gyaɗa masa kai. Ke shaida ce, Uwani, akwai mangwaro a bakin kogin nan? Ko ɗan tsiro babu. Ga saurayin ya yi tumbi tsakanin na ɗaya da na biyu, amma wai mu yarda duk rana ɗaya ce.

Gardama ta kaure, har yau ba ta mutu ba. Mati ɗan kabu-kabu ya ce shi ke nan na ɗaya ya lalace, don duk wanda ya san abin da ke zuciyar yaron ba zai ƙara kallon tsallen nan da idon da ba. Wai a mayar masa da hawayen da ya zubar. Talle tela ya ce ƙarya ne, lokacin da aka yi na ɗaya su kansu masu fim ɗin ba su san da zancen mangwaro ba, daga baya ne suka ga mutane sun so abin suka ƙirƙiro shi, saboda haka saurayin na ɗaya mutumin kirki ne, na biyun wani ne ya ari fuskarsa. Suka sa na mayar da na ɗaya, na tsayar da hoton a bakin kogi, manyan mutane masu iyali suka matso da hanci har jikin gilashi suna neman bishiya. Ba su gani ba. Mati ya ce kamara ce ba ta kai wurin ba. Ni kuwa na goyi bayan Talle har muryata ta dushe, don na ji kamar ke ake zagi. Amma ga abin da na lura da shi daga inda nake zama, ina ganin fuskar kowa: ko mutanen Talle sun daina cewa a sa na ɗaya. Sun ci gardama a baki, amma in saurayin ya yi tsalle, idonsu gefen hoton yake zuwa, inda aka ce mutumin yana tsaye.

To, ga shi mu ma an yi mana na biyu, ni da ke. Abin haushin kuma, namu yana da inda zai dafa. Kin san mutanenmu na Maijirgi, ba sa ɗaura wa jaki amalanke don buƙata ɗaya. Ranar da za su kawo goro ta faɗo daidai da ranar da aka yi shela a fita roƙon ruwa a Tasawa. Na roƙe su su ɗaga, Kawu Baƙo ya ce jakin ba zai yi tafiya biyu da ciki wayam ba. Daga filin idi suka zarce zauren Baba, rigunansu a juye kamar yadda ake yi ranar roƙo, babu ko ɗaya da ya tuna ya gyara. Gidaje suna ta fito da gumbar sadaka, goronmu ya bi unguwa tare da ita, wani wurin ma a faranti ɗaya. Rabin waɗanda suka tauna ba su tambayi na mene ne ba, sai dai suka ce Allah ya ba mu ruwa. Malamin da ya shafa fatiha yanzu yana Agadas, in ma bai wuce ba. Maƙwabtan da suka zauna sun watse, wasu Kano wasu Libiya, kowa ya bi cikinsa.

Kada ki ɗauka ina riƙe da Baba a raina. Da farko na ji zafi, har na faɗi abin da ban so ba ni kaɗai a ɗaki. Amma na san rumbunsa, ina wurin ranar da aka buɗe shi babu ko zangarniya. Mutumin da ya aurar da yayyenki da garar da har yau ake labarinta, yaya zai buɗe baki ya gaya wa baƙi cewa bana ba shi da gado, ba shi da kwano, ba shi da ko damin da za a yi wa 'yan rakiya fura? Ya gwammace ya ce ba a yi ba da ya ce ya kasa. Kunya ce, ba ƙi ba. Kawu Baƙo ma ya gane haka, shi ya sa bai musa masa ba. Abin da ya karya ni shi ne da ya dawo ya zaunar da ni, ya ce wataƙila dai su ne suka yi gaggawar fahimta, don ranar hankalin kowa yana sama. Shi da ya rungumo goron a cinyarsa tun daga Maijirgi! Dattawa sun rufa wa juna asiri, sun rufe da mu a ciki.

Ina zan kai ƙara, ya hasken raina? Ni ban shiga zauren ba, al'ada ba ta ba ni ba. Ke ma kina can ƙuryar ɗakin Inna kin rufe fuska. An yi ranar da ta fi kowace rana girma a wurinmu babu ɗayanmu a wajen. Abin da nake da shi kawai, ina laɓe a bayan katangarku kamar ɓarawo, na ji guɗa ta tashi daga cikin gida, doguwa, har ta karye a ƙarshe don mai yin ta ta tsufa. Tun da aka haife ki kin taɓa jin an yi wa goron sadaka guɗa? Amma tun da Kawu ya yi maganar nan, in na tuna guɗar sai wani abu ya riƙa ce mini, anya ba daga gidan maƙwabta ta fito ba? Anya ba haihuwa aka yi ba? Ni da na daka wa Mati tsawa a gaban jama'a, yau na zama Mati a kan kaina. An dasa mini mangwaro a bakin kogina, ina ƙin dubawa, idona yana zuwa.

Da azahar, in ɗaki ya watse, sai in tada gurub in sa na ɗaya ni kaɗai, bencina wayam, Maikuɗi yana mita wai ina ƙona masa isansi, man gurub ɗin, a kan fim ɗin da ba mai so. Inda kike kafa tanda har yanzu ƙasar baƙa ce. Wata ta zo za ta kafa tata, na ce mata wurin yana da mai shi, ta dube ni kamar ta ga mahaukaci. Tasawa cike take da mutane, ƙauyuka sun kwararo suna layin hatsin da sojoji suka sa a fitar, ko'ina kai ne da kwano, amma ni a wurina garin kango ne. Wa zan gaya wa abin dariya in ya faru? Wa zai ce mini na cika baki? Da safe in kurciya ta yi kuka a kan dogonyaron ƙofa sai in ji kamar daga ƙirjina take yi, in hadari ya ɗan taso daga gabas ya watse bai zuba ba, sai in ga ni da shi ciwonmu ɗaya. Ina kewarki, Uwani, kewar da ba ta jin lallashi, kuma ina jin tsoro.

Ba na roƙon ki ƙaryata Baba. Allah ya kiyaye in zama sanadin da za ki ɗaga murya a gaban mahaifinki, a gidan da ku kanku baƙi ne. Ya riƙe maganarsa, ta rufa masa asiri. Ni ga alkawarina: in Allah ya kai mu kaka, ko me gona ta bayar, zan sake tura dattawana da sabon goro kamar ba a taɓa yi ba, a ranar da babu roƙo, babu suna, babu zaman makoki, kuma zan tsaya a kansu su sa riguna daidai. Zan sa a gaya wa Baba cikin ladabi cewa ya bar zancen gara, ke da tabarma ɗaya kun ishe ni.

Sai dai kaka da nisa, kuma kafin nan, a bakin mutane babu wanda aka ba ke. Za su zo, na sani, don makaho kaɗai zai gan ki ya wuce. Wata la'asar za a yi sallama a ƙofa, a aiko a ce ana kiran Uwani. Baba ba zai iya hanawa ba, tunda da bakinsa ya ce ba a sa rana ba. Kawu Baƙo ba shi da ta cewa. Ni ina nan nesa, ba ni da ikon ko tari. A wannan la'asar duk abin da ya rage na ranarmu yana bakinki ke kaɗai.

In ke ma kin duba zuciyarki kin ga goron na ruwa ne, ki aiko mini da haka. Ba zan yi gardama ba, zan zama mutum ɗaya a duniya da aka sa wa rana da wadda ba a sa mata ba. Amma in kin ji abin da na ji, ba sai kin faɗi kalmar da za ta kunyata Baba ba. Ki aika a ce kina daka. In sun dawo gobe, a ce kina daka. In sun dawo jibi, a ce har yanzu kina daka. Na san babu abin da ke cikin turmin gidan, su ma sun sani, wannan kuwa ya ishe su amsa.

Naki tun kafin a kawo goro, naki ko an ce ba a kawo ba, naki har ranar da za a kwantar da ni ina fuskantar gabas,

Dikko
Tasawa