Alamar da Na Ƙirƙira Tana Ɓoye Ambaliya

Malama mai filin shawara,

Ki taimake ni. Yau Laraba, ƙafafuna a kumbure, hannun dama yana rawa, ki yi haƙuri da rubutun.

Shekara talatin na yi a sashen auna ruwan kogi. Muna aiki da wani harshen kwamfuta mai lissafa jadawali sukutum da alama ɗaya, ba lamba-lamba ba. Harshen ya yarda mutum ya ƙara nasa umarnin da alamominsa, ni kuwa na ƙara sun fi arba'in. Sunayen wasa na 'ya'yana na laƙaba musu, ban rubuta bayanin ko ɗaya ba, don a lokacin gani nake kaina ya fi littafi. Wadda na fi ji da ita na kira ta Auta: ka ba ta kowane umarni, ta bi da shi layi-layi har ƙarshen jadawali.

Auta tana da aibi. In ta tarar da gurbi babu lamba, sai ta ɗauke shi sifiri. Guraben kuwa su ne ranakun da ambaliya ta hana ma'aikaci isa ma'auni. Wato ranar da kogi ya fi hauka, lissafina cewa yake ya ƙafe. Na gano haka ana shirin liyafar sallamata, na yi gum.

Yanzu na ji za a gina gada bisa wannan lissafi. Wadda ta gaje ni, ni na koya mata aikin, har gobe Baba take ce mini. Ita kaɗai ke leƙo ni. In na faɗa, da wane ido za ta dube ni? Ta ce za ta zo yau. Na share ɗaki, na jawo kujera, shayi ya huce. Ba ta zo ba.

Mai Auta

*

Baba,

Na karanta wasiƙarka. Allah ya ƙara sauƙi. Tsoronka na rasa mai leƙo ka ba abin raini ba ne. Amma mutane ne za su hau gadar nan, kuma kai kaɗai ka san inda ramin yake.

Kada ka jira ta zo. Kira ta gobe da safe, ka fara da maganar gurbi da sifiri kafin gaisuwa ta yi tsawo zuciyarka ta karaya. Kuskuren, kowa na iya yin sa. Shirun ne laifinka, shi za ka nemi gafara a kai. Tana iya yin fushi. Bar ta ta yi.

Sannan ka ɗauki littafi, kullum umarni ɗaya, ka rubuta abin da yake yi. In hannu ya ƙi, ka faɗa ta rubuta. Ziyara arba'in ke nan, Baba, ba ɗaya ba.

Allah ya ba ka lafiya da ƙarfin zuciya.